Gulbin Maraɗi: tambayoyin da mutanen bakin gulbi suka fi yi kan gyaransa, da amsoshinsu

Tun bayan ruwan saman da ya yi ambaliya a 2024 maganar gulbi ba ta kwanta ba a Maraɗi. A majalisa ake yinta, a ƙofar mai unguwa, a garka, har a gidan suna. Ni haifaffen tsohon gari ne, kuma muna da ƴar garka ta gado a fadama, don haka tambayoyin nan na sha jinsu, wasu ma ni na fara yinsu. Na tattara waɗanda suka fi dawowa, na sa musu lamba don in wata amsa ta jingina da wata a san inda za a leƙa.

1. Gulbin da ke bushe fiye da rabin shekara, me za a gyara a cikinsa?

Wanda ya zo Maraɗi a watan Maris aka nuna masa gulbi zai ce ana yi masa ba'a: rairai ne shimfiɗe, yara na buga ƙwallo, amalanke na ratsawa. Amma bushewar ta sama ce. Muna yara, in ƙishirwa ta kama mu a can, sai mu durƙusa mu yi ta tono da hannu da sakaina. Ba a daɗe ba rairai ya fara duhu, ya yi sanyi, sai ruwa ya tsattsafo a gindin ramin. Mu jira ya kwanta, mu sha. Wannan ruwan na ƙarƙashi shi ne gulbin rani, shi rijiyoyin fadama ke sha, shi mangwaro da zogale ke sha.

Saboda haka in an ce gyaran gulbi, ba ana nufin a mai da shi kamar kogin Kwara na Yamai mai gudu rani da damana ba. Bai taɓa zama haka ba. Abin da ake nema uku ne: ruwan damana ya zo a hankali maimakon ya faɗo da ƙarfi, ya samu wurin bazuwa ya nutse cikin ƙasa, kuma ya iso ba tare da ƙazantar gari ba.

2. Daga ina ya taso, ina ya nufa?

Daga ƙasar Katsina ta Najeriya, inda ake kiransa Gada. Ya shigo Nijar ta kudancin Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, ya wuce yamma da birnin Maraɗi, ya bi Tibiri da Gidan Runji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Daga nan ruwansa ya bi na Sakkwato har Kwara. Wato mu a tsakiya muke: abin da na sama suka yi yana iso mu, abin da muka zuba kuma yana isa ga na ƙasa, waɗanda yawancinsu danginmu ne.

3. Dattawa na cewa da gulbi ya fi haka ruwa. Gaskiya ne, ko dai kewar ƙuruciya ce?

Gaskiya ne, kuma dalilin ba ɗaya ba ne. Na farko fari: na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, ƙasa ta tsiraita. Na biyu madatsar ruwan Jibiya da aka gina a kan Gada a ƙarshen shekarun 1980, wadda ke iya riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 140. Ruwan farkon damana da a da yake zuwa ya malale fadama ya bar laka mai taki, yanzu sai ya cika madatsar tukuna. Za a ga ƙarin bayani a tambaya ta 14.

Na uku namu ne, kuma shi muka fi ƙin ji. Gonakin tudu da aka share ƙurmus suna zubo rairai cikin gulbi kowace damana, wasu wurare sun cike. A wasu wuraren kuma ruwa ya ƙwaƙule ciki ya yi zurfi, yana wucewa ta ƙasa can ba ya hawa fadama. Kakana yakan ce fadamar da ruwa bai kwana a kanta ba sunanta kawai fadama.

4. In ruwan ya ragu, me ya sa ambaliya ke ƙaruwa?

Domin ruwa biyu ne, mutane ke haɗa su. Akwai ruwan gulbi mai zuwa daga kudu, akwai ruwan gari mai sauka daga tudu. Wanda ya ci Maraɗi a 1945 na gulbi ne. A lokacin garin a cikin fadama yake, ruwa ya rushe shi, Turawan mulkin mallaka suka mai da shi bisa tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. Unguwanni irin su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Limanci da Mokoyo da sunayensu suka hau.

Na Juma'ar ƙarshen watan Agusta 2024 kuwa daga sama ya zo. An ba da rahoton kimanin milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, a garin da damana gaba ɗaya ba ta cika wuce 500 da wani abu ba, kuma aƙalla mutum 15 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A shekarar har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba a ƙasa baki ɗaya. A yi lissafi: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 ya zubo lita 15,000 a ranar, wato tano 75 mai lita 200, daga gida ɗaya. Garin da ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 260,000 a cikinsa, kuma ya ci gaba da faɗi tun daga nan, rufi nawa ke nan?

Da can ruwan yana samun inda zai tsaya: tsakar gida ta rairai, filaye, kududdufai. Yanzu an dame tsakar gida da siminti, an cike kududdufai an yi gini, magudanun ruwa sun toshe da leda. Sai ya bi titi ya nufi gangare, ya tsaga kwazazzabai a gefen tudu, ya kwashi rairai da shara ya juye wa masu garka. Shi ya sa nake cewa rabin gyaran gulbi a cikin gari yake, nesa da gaɓa.

5. Me ya sa ba za a ɗaure shi da kankare ba kawai a huta, kamar yadda aka yi wa rafin Jakara a Kano?

Wannan ce tambayar da ƴan kasuwarmu masu zirga-zirgar Kano suka fi yi, kuma na gane abin da ya burge su: wuri ya yi fes, ga titi. Amma kankare abu biyu yake yi. Yana hana ruwa nutsewa, yana kuma ƙara masa gudu. In aka shafe cikin gulbin Maraɗi da siminti, an toshe bakin da rijiyoyin fadama ke sha ta nan (a duba tambaya ta 1 da ta 11), sannan an harba ruwan da ƙarfi zuwa Tibiri. Mun rabu da wahala mun aika wa maƙwabci.

Garuruwan da suka riga mu yin haka yanzu kuɗi suke kashewa suna warwarewa. A Seul ta Koriya ta Kudu an rufe wani rafi da ke tsakiyar gari aka ɗora babbar hanya a kansa, daga baya tsakanin 2003 da 2005 aka rushe hanyar aka buɗe shi, kuma har yau da injin ake turo masa yawancin ruwan da ke gudu a ciki. A Holan, ƙasar da ta fi kowa sanin ganuwar ruwa, sun koma ja da ganuwa baya don kogi ya samu wurin bazuwa. Ba na cewa siminti haramun ne. Gindin gada, bakin magudana, wurin da gaɓa ke cin gidaje, duk suna son gini mai ƙarfi. Amma wuri-wuri, ba tsawon gulbi ba.

6. To in ba kankare ba, me ake yi?

Ana bin ruwan tun daga inda ya faɗo. A gonakin tudu da ƙasar da ta yi fako ana haƙa ramukan tare ruwa da ake kira rabin wata da tassa, ana jera duwatsu a gicciye, don kowane ɗigo ya tsaya inda ya sauka. A cikin kwazazzabo ana datsa shi da dutse cikin ragar waya, mataki-mataki, daga kai zuwa ƙasa. Ruwa ya ratsa, rairai ya tsaya a baya, ramin ya riƙa cikewa da kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara daga ƙasa inda ɓarnar ta fi fitowa fili. Ruwan farko sai ya zagaye ginin ya tafi da shi.

A cikin gulbin kansa akwai gajeren shinge da ake ginawa a gicciye, wanda ba ya tare ruwa kamar madatsa, ɗaga shi kawai yake yi ya malala bisa fadama kafin ya wuce. Inda aka yi shi daidai, ruwan rijiyoyin kewaye yakan hau. Inda aka yi shi ba tare da an zauna da masu gonaki ba kuwa, sai rigima, don gonar wani za ta sha ruwa ta yi kyau, ta wani ta nutse da dawarta. A gaɓa kuma sai ciyawa da itace, wanda shi ne zancen tambaya ta gaba.

7. Mun sha dasa itatuwa a bakin gulbi suna mutuwa. Ina matsalar take?

Ni ma na ɗanɗana. Wata shekara wani shiri ya kawo mana dashe cikin leda, aka yi taro, aka ɗauki hoto, muka dasa layi guda a gaɓa a ƙarshen damana. Ba shinge, ba wanda aka ɗora wa ban ruwa. Kafin hunturu ya fita jajayen awakinmu sun gama da su, sai ledojin suka rage. Wani dattijo mai garka kusa da tamu ya dube ni ya ce, "Ɗana, itacen kowa ai na akuya ne."

Abin da ya yi aiki a ƙasar nan kowa ya san shi, kuma a nan jihar Maraɗi ya samo asali a farkon shekarun 1980: sassaben zamani. Maimakon a dasa sabo, sai a bar kututturen da ke tohowa a gona, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran. Saiwar tana can ƙasa da daɗewa, ba ta buƙatar ban ruwa. Da wannan dabara manoman Maraɗi da Damagaram suka maido da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5. Gawo ya fi kowane amfani a gona, don yana zubar da ganye da damana, bai tare wa hatsi rana.

A gaɓa kuwa a fara da ciyawa kafin itace. Jema tana da saiwa mai nutsewa ƙasa sosai tana kama gaɓa kamar raga, gamba ma tana taimakawa, kuma dukansu ana yanka a yi zana ko a sayar. Bayan layin ciyawa sai bagaruwa, magarya, kanya, tsamiya. Kowane itace a san mai shi tun ranar dashe. Itacen turare kuwa, wanda ake so saboda saurin girma, mai shan ruwa ne ƙwarai, kada a jera shi kusa da rijiyoyi.

8. Gidana a bakin gangare yake. In aka fara aikin nan za a tashe mu?

Ba zan ce ba wanda za a tasa ba. Gidan da ke tsaye a tsakiyar hanyar ruwa, ko wanda kwazazzabo ya riga ya ci gindinsa, ba dabarar da za ta cece shi, kuma rai ya fi gini. Amma waɗannan kaɗan ne. Mafi yawan gidajen gefen tudu abin da suke buƙata a datse kwazazzabon da ke kusa da su, a ba ruwan titinsu hanya, a ɗaga dakalin gindin bango.

Tsoron mutane yana da tushe. A Ahmadabad ta Indiya an ƙawata bakin kogin Sabarmati, amma sai da aka kwashe dubban iyalai aka kai su bayan gari nesa da sana'arsu. A Nairobi bayan ambaliyar 2024 an rushe gidajen talakawa na bakin rafuka cikin gaggawa. Dokarmu ta karɓar fili don amfanin jama'a, ta 1961 wadda aka yi wa gyara a 2008, ta ce a biya diyya ta adalci kafin a karɓa, kuma ta yi maganar sake tsugunar da waɗanda aka tasa. Don haka a adana kowace takarda: ta saye, ta gado, shaidar mai unguwa, har rasit na haraji. A kuma nemi a ga taswirar aikin tun kafin a fara shafa jan fenti a bango. Mai ɗakin haya da matar da ke tuyar ƙosai a ƙofar gida su ma a rubuta sunansu, don su aka fi mantawa.

9. An yi mini tayin fili a fadama da araha. In saya?

In don garka ne, bismilla, bayan ka bi ta hukumar filaye an tabbatar maka da mai shi. In don gini ne, a'a. Kakanninmu ba don sha'awa suka bar wurin ba a 1945. Shekara goma ruwa bai zo ba ba hujja ba ce, ruwa ba ya manta hanyarsa. Kuma a dokar ruwa ta 2010 cikin gulbi dukiyar ƙasa ce, ba mai ikon sayar maka da shi ko da ya nuna takarda. Dillali da rani zai kai ka. Ka ce masa ku koma a watan Agusta, ka kuma tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a wurin ina ruwa ya taɓa kaiwa.

10. Masu ɗibar rairai da masu buga tubali fa? Su ne ke ɓata gulbi?

An fi ɗora musu laifi don su ake gani. Amma kowane ɗakin siminti a Maraɗi da rairan nan aka gina shi, har na mai zagin. Yaron da ke tura amalanken shanu tun asuba ba shi ya ƙirƙiro buƙatar ba.

Magana ita ce ina ake ɗiba. Inda kwazazzabo ya juye rairai ya toshe hanya, ɗiba taimako ce, har ma a gode musu. Inda ɓarna take shi ne gindin gaɓa, kusa da gada, da haƙa rami mai zurfi a tsakiya: gaɓa ta zube, cikin gulbi ya ƙara zurfi, ruwan ƙarƙashi ya bi shi ƙasa, rijiyoyin gefe su ja baya. Babbar mota ɗaya tana kwasar abin da amalanke da yawa ba su kwasa ba, don haka in za a sa doka a fara da ita. Ramukan tubali kuma suna tara ruwa mai kwanciya bayan damana. Sauron da ke kawo masassara irin wannan ruwan yake so, ba baƙin ruwan kwata ba, kuma yara na faɗawa ciki. A ware musu wuri, a yarda cewa wanda ya gama da rami zai rage masa gaɓa ko ya cike. Da shugabanninsu ake wannan zama. In aka kore su da sanda, da dare za su dawo.

11. Ni mai garka ne. Rijiyata kowace shekara sai na ƙara mata zurfi. Gyaran nan zai amfane ni?

Kai ne ma na farko. Ruwan fadama kamar rumbu ne: damana ta zuba, rani mu ɗiba. A zamanin guga da jigo hannu ne ke taƙaita ɗiba. Yanzu ga injin ban ruwa a kowace garka, ga masu aiki da hasken rana waɗanda ba sa cin mai, mutum ya kunna tun safe ya tafi kasuwa. Filin noman rani na Jiratawa, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980 kuma zogalensa ya yi suna har Yamai, shi ma daga ƙarƙashin ƙasa yake jan ruwa. Duk daga rumbu ɗaya.

Ayyukan tambaya ta 6 suna ƙara abin da ke shiga. Rage abin da ke fita kuwa sai mu da kanmu: ban ruwa da sassafe ko da yamma, tiyo maimakon doguwar hanyar rairai mai shanye rabi, rufe gindin shuka da kara ko ciyawa. Sai kuma abin da ba a so a faɗa, maganin ƙwari. Wanda aka sayo a kasuwa ba takarda, aka wanke gorarsa a bakin rijiya, cikin ruwan da iyalinka ke sha yake komawa.

12. Makiyaya suna da wuri a cikin wannan tsari?

Dole. Dabbobi na shan ruwa a gulbi tun kafin a yi garka ta farko, kuma dokar makiyaya ta 2010 ta tabbatar musu da haƙƙin tafiya da isa ga ruwa. In aka shinge gaɓa gaba ɗaya da sunan kare dashe, ba a bar mashaya da burtali ba, shanu za su fasa ta inda suka samu, a wayi gari ana shari'a. A bar mashigai sanannu, a daɓe su da dutse don kofato kada ya rusa gaɓa. A zauna da shugabannin makiyaya, ardo da rugga, tun ranar farko, ba ranar da aka kama saniya a cikin salati ba.

13. Shara da ruwan ƙazanta fa? Ai gulbi na wanke kansa da damana.

Ba ya wankewa, kwashewa yake ya kai wa wani. Duk wanda ya taɓa noma a fadama ya san yadda hauya ke fito da baƙar leda a kowane sara. Mahauta kuma sun san abin da suke tararwa a tumbin akuya. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin wannan ledar da sayar da ita a Nijar, amma je ka sayi tumatir na dala ashirin ka gani. Al'adar juye shara a magudana in hadari ya haɗo, don ruwa ya tafi da ita, ita ce ke toshe hanyar ruwan ya shiga ɗakin maƙwabci.

Wanda ido bai gani ya fi haɗari. A fadama ruwa kusa yake, don haka salanga mai zurfi tana iya haɗuwa da rijiya ta ƙarƙashi. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, kuma salanga ta kasance ta gangare. Ba mu manta kwalarar 2018 ba, wadda ta fara daga yankin Madarunfa ta bazu. Masu kwasar salanga, marina, majema da masu wankin mota duk suna buƙatar wurin zubarwa da aka keɓe, in ba haka ba kwazazzabo mafi kusa ne wurinsu. Yaron da ke wanka a kwantaccen ruwa kuma in ya fara fitsarin jini, tsargiya ce, a kai shi likita, maganinta na nan.

14. Madatsar Jibiya a wata ƙasa take. Muna da ta cewa?

A takarda, muna da ita. Nijar da Najeriya suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai, kuma a 1990 sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa bisa adalci. Gada da gulbin Maraɗi na cikin kwaruruka huɗu da aka ambata da suna, tare da Magiya da Komadugu Yobe. Abin da mai garka ke buƙata daga wannan takarda bai da yawa: a saki ruwa a lokacin da zai amfani fadama, a kuma sanar kafin a saki mai yawa. Siyasa tsakanin gwamnatoci na yin zafi tana yin sanyi, amma tsakanin Katsina da Maraɗi akwai sarauta ɗaya ta asali, da auratayya, da kasuwa. Sau da yawa labarin ruwa na tafe ta wayar ɗan'uwa yake riga isowa.

Sai dai kada Jibiya ta zama bangon da muke rataya duk laifinmu. Ba ita ta cike kududdufan gari ba.

15. Wa ke da alhakin aikin, kuma ina za mu kai kuka?

An rarraba shi, shi ya sa yake faɗuwa a tsakani. Magudanun ruwa, shara da izinin gini na ma'aikatar magajin gari ne. Itace da gaɓa na jami'an gandun daji ne. Shinge da madatsai na injiniyoyin karkara ne da ma'aikatar ruwa. Rikicin gona da burtali na hukumomin filaye ne da dokar karkara ta 1993 ta kafa, tun daga matakin ƙauye, tare da sarakuna. Ga kuma masana a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar binciken noma ta Tarna, waɗanda ɗalibansu ke neman wurin yin bincike, mu kuma muna neman mai auna mana.

Abin da na gani yana aiki: kada mutum ɗaya ya je. A fara da mai unguwa, a rubuta takarda ɗaya da sa hannun masu garka, mata, matasa da masu amalanke, a haɗa da hotunan wuri ɗaya kafin damana da bayanta. A nemi abu ɗaya takamaimai, misali a datse kwazazzabo kaza, maimakon "a gyara mana gulbi". A kai tun watan Janairu ko Fabrairu. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya kai kuka a watan Yuli buhun rairai kawai zai samu.

16. Ni ba ni da garka, gidana ma yana unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, nesa da gulbi. Me ya shafe ni?

Koma tambaya ta 4 ka sake duba tano 75 ɗin nan. Ruwan rufinka ne ke isa Bagalam. In za ka dame tsakar gida, bar wani sashe na rairai ko ka haƙa rami ka cika shi da tsakuwa inda indararo ke zuba, nesa da gindin bango da salanga. Tara na wanki a tano mai murfi. Bar itace ɗaya a gida, ɗaya a ƙofa. Kada ka ɗaga ƙofar gidanka da tarin ƙasa har ka tura ruwan titi cikin gidan da ke fuskantarka. Rabin faɗan maƙwabta na damana daga nan yake tashi.

17. Shekara nawa kafin a ga canji, kuma da me za mu gane?

Ya danganta da aikin. Yashe magudana a damanar farko ake ganin amfaninsa. Datsen kwazazzabo damana biyu ko uku kafin ya cika ya fara ciyawa. Sassabe shekara uku zuwa biyar kafin a samu itacen girki da inuwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ya fi jinkiri, kuma shekarar fari ɗaya na iya ɓoye ci gaban shekaru, don haka kada a yanke hukunci da shekara guda.

Ma'auni ba sai na bature ba. A garkarmu igiya muke da ita mai ƙulli a kowane rabin mita, da dutse a bakinta. Ranar 1 ga Afrilu da 1 ga Oktoba, da asuba kafin a kunna inji, ƙanena yake zura ta a rijiya ya rubuta ƙulli nawa suka shiga kafin dutse ya taɓa ruwa. A gaɓa kuma mun kafa turke, muna auna taku nawa ne daga shi zuwa bakin rami. In garka goma a Tarna, goma a Sumarana, goma a Tibiri suka yi haka a rana ɗaya, aka ajiye littafin wurin mai gari, duk wanda ya zo da shiri ko da alkawari akwai abin da za a buɗe masa a gwada aikinsa da shi bayan shekara uku.